Generals ko Leafs? Ka kai yaron Oshawa, Toronto ta jira

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni inda ya fi dacewa ka kai yaronka kallon wasan hoki na ƙanƙara: wajen Oshawa Generals, ƙungiyar matasa, ko wajen Toronto Maple Leafs, ƙungiyar ƙwararru. Tunda a Whitby kake zaune, maƙwabciyar Oshawa a Kanada, kuma yaron naka bai kai shekara goma ba, ka kai shi kallon Oshawa Generals. Maple Leafs da ka haɗa a tambayar, ka bar ta sai ya girma ya fara neman na kansa.

Ni ina riƙe da kujeru biyu na kakar wasa a filin Generals, Tribute Communities Centre, nan tsakiyar garin Oshawa a titin Athol. An buɗe shi a 2006, yana ɗaukar mutum dubu biyar da ɗoriya, saboda haka ko a sama can ka zauna kana ganin lambar da ke bayan ɗan wasa ba tare da ka ƙanƙance ido ba. Abin da ya sa na maƙale musu shi ne lokacin motsa jiki, kafin a fara wasa. Ana barin yara su sauko su jingina da gilashin da ya kewaye ƙanƙarar. Wata Lahadi autana ya manna fuskarsa a gilashin yana buga shi da tafin hannu, wani ɗan wasan baya ya tsaya a gabansa, ya ɗauko faifan robar nan baƙi da ake wasan da shi a kan bakin sandarsa, ya cillo masa ta saman gilashi. Ya cafe da hannu biyu, sanyin abin ya sa ya yi ihu ya kusa yar da shi. Har yau yana kan teburin karatunsa, kuma daga ranar ya daina kukan tashi da sassafe zuwa koyon zamiya a kan ƙanƙara.

Ka san waɗannan 'yan wasan yara ne su ma, daga shekara 16 zuwa 20. Gasarsu ita ce OHL ta lardin Ontario, wasa 68 a kaka, 34 a gida. Yawancinsu daga wasu garuruwa aka ɗauko su, sai ƙungiya ta raba su gidajen mutanen gari, kamar yadda ake ba da yaro riƙo a wurinmu: can yake ci, can yake kwana, da safe ya tafi makaranta, da yamma ya zo atisaye. Shi ya sa za ka ji dattijuwa a bayanka tana kiran ɗan wasa da sunan yanka, tana faɗa in an bangaje shi. A gidanta yake.

Kada kuma ka ɗauka ƙaramar ƙungiya ce don tana bayan birni. In ka shiga filin ka ɗaga kai, tutocin da ke rataye a rufi za su ba ka labari. An kafa ta a 1937, sunan kuma daga kamfanin motoci na General Motors ya fito, wanda shi ne ƙashin bayan garin a wancan zamani. Tun tashin farko suka mamaye Ontario shekara bakwai a jere, 1938 zuwa 1944, a ciki suka ɗauki Kofin Memorial, wato babban kofin matasa na Kanada baki ɗaya, a 1939 da 1940 da 1944. Ɗaya daga cikin taurarinsu na lokacin, Red Tilson, ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba. Kyautar gwarzon ɗan wasan OHL da sunansa ake ba da ita har gobe.

A Satumbar 1953 gobara ta cinye filinsu na Hambly ƙurmus, ƙungiyar ta watse. Shekara tara garin ya yi babu ita. Da aka farfaɗo da ita a 1962, da tallafin Boston Bruins, ƙungiyar ƙwararru ta Amurka, ko filin kanta ba ta da shi, aro take yi har aka gama ginin Civic Auditorium a 1964. A cikin wannan hali aka kawo musu wani yaro ɗan shekara 14 daga Parry Sound yana karawa da samarin da suka girme shi nesa ba kusa ba. Bobby Orr ke nan, wanda da yawa ke cewa ba a taɓa yin ɗan wasan baya kamarsa ba. Tsofaffin da ke zama a layinmu, in ka yi kuskuren tambayarsu a kansa, ka yi sallama da kallon zangon farko.

Sai Eric Lindros. Ƙungiyar garin Sault Ste. Marie ce ta zaɓe shi, ya ce ba ya zuwa, aka yi musaya ya zo Oshawa, suka ci Kofin Memorial na 1990 a Hamilton bayan sun doke Kitchener 4 da 3 a ƙarin lokaci na biyu. Na biyar ya zo a 2015 a birnin Kebek, inda Anthony Cirelli shi kaɗai ya ci duka biyun da suka doke Kelowna 2 da 1. A 2024 da 2025 ma sun kai wasan ƙarshe na OHL, London Knights ta tare musu hanya duka biyun. Wannan kada ka ɗago maganarsa a filin.

Leafs kuwa, to, ƙwararru ne, ba mai musu. Filin Scotiabank yana manne da tashar Union, jirgin ƙasa na GO zai sauke ka a ƙofa. Amma kuɗin kujera ɗaya mai kyau a can zai shigar da kai da uwargida da yara duka kallon Generals, har da canjin gugguru. Mai ƙaramin aljihu can ƙololuwa ake kai shi, wasan tsakiyar mako kuma sai wajen sha ɗayan dare ka iso gida da yaro yana barci a kafaɗa, gobe makaranta. Rabon Leafs da Kofin Stanley, babban kofin ƙwararru, tun 1967. In ma John Tavares, ɗan wasan Leafs, ne yaron ke so, ka gaya masa a ƙungiyar Oshawa aka raine shi: shi ne na farko da aka yi wa izinin shiga OHL kafin shekarunsa su kai, a 2005, kuma a kakar 2006 zuwa 2007 ya zura faifai a raga sau 72, ya karya tarihin shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky na 'yan shekara 16. Lambar rigarsa 91 tana rataye a rufin filin Generals don girmamawa, tare da 2 ta Orr da 88 ta Lindros.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Tikiti ka saya daga shafin ƙungiyar ko tagar filin, shi ke nan. Akwai 'yan damfara a kasuwar Facebook da za su ce wai suna da kujerun kaka amma tafiya ta kama su, su turo maka hoton tikiti, su ce ka tura kuɗi ta banki yanzu-yanzu don wani na jira. Hoton nan mutum biyar aka sayar wa, in ma na gaske ne. Wanda ya riga isa ƙofa shi ya shiga, sauran ku tsaya a sanyi da yara, kuɗin da ka tura da hannunka kuma dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo. A tikitin Leafs abin ya fi muni saboda kuɗin ya fi tsoka. Haka masu tallan riga wai da sa hannun Orr a farashin banza. Ka juya rigar ka duba ciki: ta jabu zaren ɗinkin lambar a tsattsaye yake, tambarin gaba ya tattare, launin jan ma bai yi daidai ba. Ga yaro mai girma kullum, riga mara sa hannun kowa daga shagon filin ta wadatar, ka ɗauki wadda ta ɗan fi shi don ta hau kan rigar sanyi.

Ka zaɓi wasan Lahadi da yamma, ka nemi ranar da Peterborough Petes za su zo, don su ne abokan hamayya na gado, filin cika yake yi maƙil, saboda haka ka saya da wuri. A hunturu magariba tana yi tun wajen ƙarfe biyar, ku yi sallarku ku ci abinci a gida, don naman da ake sayarwa a ciki ba ka da tabbacinsa. Ku isa da kamar minti arba'in kafin a fara, ku sauka wajen gilashi ta ɓangaren da Generals ke motsa jiki, ka sa wa yaron safar hannu. In ka tsayar da rana ka taɓa ni ta waya, in na samu uzuri a ranar sai ku ɗauki kujeruna.