Sharhi kan hidimar wani kamfanin lauyoyin rajistar ƙirƙira: shin sai an aika da samfuri?

Kamfanin lauyoyin da na yi hulɗa da shi ta intanet yake aiki, kuma sana'arsa shirya wa masu ƙirƙira takardun neman mallaka a USPTO, wato ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka. Na je musu da ƙaramar na'urar tace ruwa, ina son sanin ko doka ta wajabta a aika da ita, ko da ɗan samfurinta, tare da takardun.

Lauyar da aka haɗa ni da ita ta ce a'a kai tsaye, ta kuma kawo hujja. Ƙa'ida ta 1.91 ta ofishin ta hana sanya samfuri a cikin fayil, sai idan jami'in tantancewa ne ya nema da kansa, ko kuma mai neman ya shigar da roƙo na musamman, ya biya kuɗinsa, ya bayyana dalilin da ya sa rubutu da zane ba za su wadatar ba. Sashe na 114 na dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ya bar wa shugaban ofishin ikon neman samfuri, amma a aikace wanda aka fi cewa ya kawo injinsa a gani shi ne mai iƙirarin ya ƙera abin da zai yi ta juyawa har abada ba tare da makamashi ba. A da can samfuri wajibi ne, bai kuma wuce inci 12 ta kowane ɓangare ba. Gobarar 1836 da ta 1877 sun cinye dubbai daga cikinsu, wurin ajiya ya yi ƙaranci, har ofishin ya daina nemansu a 1880.

Inda hidimar ta fi amfanata shi ne nacin da lauyar ta yi a kan bayanin rubuce. Doka tana so takardar kaɗai ta isa wanda ya san fannin ya ƙera abin ba tare da ya taɓa ganinsa ba, kuma da zarar an shigar da ita ba a ƙara sabon abu, don haka samfurin da zai zo daga baya ba ya toshe giɓin da aka bari tun farko. Saboda haka ta yi ta mayar mini da daftarin tana tambayar kaurin kowane sashe na matatar da yadda ruwa ke bi ta ciki, har sai da zanen da rubutun suka zo ɗaya. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a ganina nan ne kuɗin ya halatta.

Akwai aibi biyu. Ba su faɗa tun farko ba cewa ladan mai zane daban yake, sai a takardar biya na gan shi. Na biyun ya fi nauyi, ko da yake bai shafi na'urata ba: jagorar da suke rarraba wa abokan hulɗa ta taɓo batun ƙwayoyin halitta ne a taƙaice ƙwarai, alhali nan ne ajiye samfuri ke iya zama dole. Yarjejeniyar Budapest ta 1977 ta tanadi a ajiye irin waɗannan ƙwayoyi a cibiya amintacciya, kamar ATCC a Amurka ko DSMZ a Jamus, aƙalla shekara 30. Jagorar ba ta ambaci cewa ofishin rajistar ƙirƙira na Turai yana so a yi ajiyar kafin ranar shigar da takarda ko a ranar ba, yayin da Amurka ke yarda a yi daga baya. Wanda ya bi sassaucin Amurka kaɗai zai iya rasa damarsa a Turai.

Mai na'ura ko kayan aiki zai samu biyan bukata a wurinsu, muddin ya nemi cikakken lissafin kuɗi a rubuce kafin a fara. Mai aiki da ƙwayoyin cuta ko irin shuka kuwa gara ya nemi lauyan da ya ƙware a wannan fanni.