Katin hoto na kwamfutar wasa: na arha ko na kamfanin da aka sani?

A watan Afrilun da ya wuce, ana tsakiyar zafin Yamai, ɗan yayana ya shigo mini da kwamfutarsa rungume a ƙirji, fuskarsa duk a ɓace. Ya ce, "Kawu, duba mini, da na kunna ƙwallo sai allon ya yi baƙi, fankokin su hau ƙugi." Wata uku kacal da ya sayi katin hoton, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da ake gani a allo, wanda mu a nan muka fi kira kart girafik. Ta intanet ya yi odarsa da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, a kwali an rubuta RX 580 mai giga 8, sabo dal, roba da fanka sai sheƙi suke.

Na kwance sukurori huɗun nan na baya, na ɗaga ƙarfen sanyaya. Gefen ƙwaƙwalwar katin ya yi ruwan ɗorawa, irin launin da abu ke yi idan ya shekara da shekaru yana gasuwa. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfe ya bushe ƙamas, yana ɓarewa kamar tsohuwar yaɓen ɗaki. Ƙananan guntayen memwar (ma'ajiyar bayanan katin, wadda ake aunawa da giga) da ke kewaye da ita ma ba iri ɗaya ba ne, rubutun wasu daban, na wasu daban. Rigar ce sabuwa, abin da ke ciki ya sha duniya. Na tausaya wa yaron sosai, don ba ganganci ya yi ba, farashi ya gani ya yi murna.

Tun ranar nake so in rubuta wannan, domin tambayar da samari suka fi yi mini ke nan: in sayi mai arha, ko in ƙara kuɗi in sayi ASUS ko MSI? Amsar tana buƙatar a fara raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa.

Ƙwaƙwalwar da ke yin ainihin aikin, kamfanoni uku ne ke tsara ta: Nvidia, AMD da Intel. Su kuwa ASUS, MSI, Gigabyte, Sapphire, PowerColor, Zotac, Palit da sauransu, sayen ƙwaƙwalwar suke yi su ɗora ta a kan nasu allon katin, su sa mata hanyoyin wuta, ƙarfen sanyaya da fankoki. Saboda haka RTX 4060 na Palit da RTX 4060 na ASUS zuciyarsu ɗaya. Idan ka saka su a wasa ɗaya, bambancin gudunsu bai taka kara ya karya ba, idonka ba zai ma gane shi ba. Inda suke rabuwa shi ne zafi, ƙara, ingancin ƙananan kayan da ke kan allon, da kuma wanda zai saurare ka ranar da abu ya lalace.

Sannan kalmar "mai arha" kanta kala uku ce a kasuwa, kuma duk ruɗanin daga nan yake tasowa. Akwai ƙaramin samfurin babban kamfani: ASUS na da Dual a ƙasa da ROG Strix a sama, MSI na da Ventus da Gaming X, Gigabyte na da Windforce da Aorus, Sapphire na da Pulse da Nitro+, PowerColor na da Fighter da Red Devil. Akwai kuma kamfanonin da sunansu bai cika yawo a bakin mutanenmu ba amma na gaske ne, suna karɓar sabuwar ƙwaƙwalwa kai tsaye daga masu ita, irin su Palit, Zotac, Inno3D da Colorful. Waɗannan biyun ban da wata fargaba a kansu. Na ukun shi ne wanda ya faɗa hannun ɗan yayana: suna ne da ba ka taɓa ji ba, yau ka gan shi gobe ya sauya, kuma abin da yake sayarwa "sabo" ƙwaƙwalwa ce da aka daina ƙerawa tuntuni.

Ka yi wa kanka lissafi. RX 580 ya fito ne a 2017. Ta ina za a samo sabonsa fil a kwali bayan shekaru masu yawa haka, kuma a farashin da bai kai rabin na sauran ba? Daga 2017 har zuwa 2022 masu haƙar kuɗin kirifto sun sayi irin waɗannan katunan dubbai, suka jera su suna aiki dare da rana ba hutu. A watan Satumba na 2022 tsarin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifton, ya sauya, aka daina haƙarsa da katin hoto, sai aka zubo su kasuwa kamar ruwan Agusta. Wasu aka sayar da su yadda suke, wasu aka ɓalle ƙwaƙwalwar da memwar aka liƙa a kan sabon allo mai arha. Akwai wani ƙarin abu: da yawa cikinsu "RX 580 2048SP" ne, wanda AMD ta fitar don kasuwar Sin a 2018. Ainihin RX 580 yana da rukunan aiki 2304, wannan kuwa 2048, daidai da na RX 570. Sunan babban wa, ƙarfin ƙane.

Ba na cewa duk irin wannan katin mutuwa yake yi. Na ga waɗanda suka yi shekara biyu lafiya lau. Amma caca ce, kuma wanda ya tara kuɗinsa jika-jika bai kamata ya shiga caca da su ba.

Mafi muni shi ne na jabu tsagwaronsa. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa rubutun ciki yadda kwamfuta za ta nuna GTX 1050 Ti. Akwai alama mai sauƙi: ainihin GTX 1050 Ti ba ya zuwa da kafar VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15, don tun daga wannan zubin Nvidia ta cire ta. Ka gan ta a jikinsa, ajiye ka kama gabanka. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tun 2018 take rubuta FAKE, wato jabu, a gaban sunan irin waɗannan katunan idan ta gane su.

Yanzu ga abin da masu bita na Turai da Amurka ba za su gaya maka ba, don ba su san shi ba. Su a ɗaki mai sanyi suke gwaji, digiri ashirin da ɗoriya. Mu a Afrilu da Mayu Yamai tana haura digiri 40 a inuwa, Tawa ma haka, ɗaki mai rufin kwano kuwa da la'asar sai wanda ya shiga. Katin hoto da iskar ɗakin yake sanyaya kansa. In iskar ta ƙaru da digiri 15, zafinsa ma kusan haka zai ƙaru. Yawancin katunan Nvidia da sun kai wajen digiri 83 sukan fara rage gudu don kare kansu, sai ka ga wasa yana tsinkewa ba ka san dalili ba. Ga hunturu kuma, ƙurar nan mai laushi kamar garin gero tana shiga tsakanin ganyayen ƙarfen ta yi dabe, ta shiga cikin fanka ta cinye mai. Na sha buɗe kati in tarar da ƙura ta zama kamar ƙyalle, ana ɗaga ta gaba ɗaya da yatsa.

A nan ne kuɗin da ka ƙara yake da amfani, amma ba don tambari ba. Ɗauki katin a hannu ka ji nauyinsa. Leƙa ta gefe: akwai bututun jan ƙarfe da suka ratsa ganyayen, ko kuwa dunƙulen alminiyom ne kawai da fanka a kai? Mai fanka biyu da bututu biyu ko uku ya fi mai fanka ɗaya a ƙasarmu, ko da kuwa mai fanka ɗayan babban suna ne a jikinsa. Fitilu masu launi da ke wal-wal ba sa rage zafi ko digiri ɗaya. Kada ka biya kuɗinsu.

Hanya mafi sauƙi ta maganin zafi kuwa ita ce ka sayi katin da ba ya cin wuta da yawa tun farko. RX 580 yana jan wat 185. RX 6600 na 2021 yana jan 132, kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. RTX 4060 na 2023 wat 115 ne kawai. RTX 3060 mai giga 12 yana jan 170, RTX 5060 na 2025 kuma 145. Duk wat ɗin da kati ya ja, zafi zai zama a ɗakinka, ya kuma ci kuɗin kuran, wato wutar lantarki, ya kuma rage mintocin da na'urar riƙe wuta za ta ba ka idan an ɗauke. Shi ya sa a ganina sabon zubi na ƙaramin kamfani na gaske ya fi tsohon zubi na babban kamfani. Akwai kuma batun manhajar da ke tafiyar da katin: AMD ta rage kula da zubin RX 500 tun ƙarshen 2023, Nvidia ma ta sanar da cewa Oktoban 2025 ne ƙarshen sabuntawar wasanni ga zubin GTX 10. Tsofaffin wasanni za su ci gaba da tafiya, sababbin ne za su fara ba ka matsala.

Katin Intel Arc B580 mai giga 12, da ya fito a Disamban 2024 a kan dala 249, yana da daɗin farashi, sai dai yana son sabuwar kwamfuta mai Resizable BAR, wani saiti da ke ba kwamfutar damar isa ga duk memwar katin a lokaci ɗaya. A tsohuwa ba ya nuna ƙarfinsa.

Wannan ya kawo ni ga kwamfutocin ofis na gwanjo, Dell OptiPlex da HP, waɗanda da yawa daga cikin samarinmu da su suke farawa. Akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa bai kai wat 300 ba, kuma ba shi da wayar nan mai baki 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata. In irinta gare ka, zaɓinka GTX 1650 mai wat 75 ko RTX 3050 mai giga 6 da ke jan wat 70, kuma ka tabbata wanda ba ya neman ƙarin waya ne, ka kuma auna faɗin akwatin kwamfutar, don siririyar sai da gajeren kati. Kada wani ya haɗa maka waya ta dabara ya ce za ta ɗauka. Akwatin wuta marar inganci ya kashe katuna a gabana fiye da yadda zafi ya kashe, kuma da irin hawa da saukar kuran ɗinmu, wanda ya sayi kati mai tsada ya bar shi ba regilata ya yi wa kansa asara da hannunsa.

Sai garanti, wanda shi ne babbar hujjar masu cewa a sayi babban suna. Gaskiya ne manyan kamfanoni kan ba da shekara biyu ko uku. To amma a ina? Garantin yakan bi ƙasar da aka sayi kayan da kuma takardar saye. Katin da ɗan kasuwa ya ɗauko daga Dubai, ko Guangzhou, ko Kano, idan ya mutu a Yantala ko Talladje, wa za ka kai wa? Kuɗin aikawa da dawowa da kwastan kaɗai sai su kusa kuɗin wani katin. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, komai ya ƙara jinkiri. Garantinka na gaskiya shi ne mutumin da ya sayar maka, wanda yake da shago mai ƙofa, wanda za ka koma ka same shi zaune. Na fi son kati marar babban suna daga hannun mai shagon da ya rubuta mini wata uku a takarda da hatiminsa, a kan babban suna daga lambar waya da za ta daina shiga gobe.

In ka je saye, ko sabo ko na hannu, kada ka ji kunyar neman a gwada. Ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ɗora mini shi in gani." Mai kayan kirki ba ya ƙi. Tafi da GPU-Z da FurMark a kile ɗinka na USB. Na farko zai nuna maka ainihin ƙwaƙwalwar, yawan rukunan aikinta da girman memwar, ka gwada da abin da ke rubuce a kwali. Na biyu zai matsa wa katin lamba. Ka bar shi minti 20 kana kallon allo da lambar zafi. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, ko allon ya ɗauke ya dawo, sau da yawa alamun memwar ce ta gaji. Kasa kunne ga fankokin, wadda ke ƙarar gurzawa kwananta ya kusa. Juya katin ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka duba ko akwai tsatsa a kafofinsa. Sannan ka gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort, don na taɓa ganin wanda ɗaya ce kawai ke aiki.

Wanda burinsa eFootball, GTA V da Fortnite a allon 1080, wato Full HD, RX 6600 ko RTX 4060 na ƙaramin samfuri, irin Pulse, Fighter, Ventus ko Dual, ya wadatar da shi, na Palit ko Zotac ma haka. Kuɗin da zai zuba a ROG Strix ko Aorus na ƙwaƙwalwa iri ɗaya, gara ya haɗa ya hau mataki na gaba, ko ya sayi akwatin wuta na kirki da fankoki biyu na gaban akwati. Giga 8 ya isa waɗannan wasannin, amma sababbin manyan wasanni sun fara matse shi, don haka mai halin giga 12 ya ɗauka. Wanda kuwa zai buɗe ɗakin wasa yara suna biya, injinansa suna aiki tun safe har dare, shi kam ina ba shi shawarar ya ƙara kuɗi ya sayi mai kaurin ƙarfe, ya kuma riƙa hure ƙura duk wata a lokacin hunturu, yana riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Na ɗan yayana, na sauya masa man sanyaya, na rage wa katin gudu da wuta ta cikin manhajar AMD, ya samu ya ƙara wata biyu kafin layuka su fara fita a allon. Bayan damina muka je tare wajen wani mai shago kusa da Babbar Kasuwa, muka ɗauki RX 6600 na hannu mai fanka biyu. Mun zauna a benci kusan rabin awa muna kallon lambar zafi tana tsaye a wuri ɗaya, mai shagon ya aika aka kawo mana shayi, sannan ya rubuta mana wata uku a takarda ya buga hatimi. Yaron ya ninke ta ya sa cikin kwalin katin.