Caro ko Goodwin: wa za ka karanta a kan Lyndon Johnson?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana son karanta tarihin Lyndon Johnson, shugaban Amurka na 36, wanda ya hau mulki ranar da aka harbe Kennedy a 1963. An ba shi sunayen marubuta biyu, Robert Caro da Doris Kearns Goodwin, shi kuma kuɗin littafi ɗaya ke aljihunsa. Malam, amsar tana ga yadda kowannensu ya samo labarinsa. Goodwin daga bakin Johnson ta ji nata. Caro bai taɓa zama da shi ba, bayan mutuwarsa ya bi sawunsa yana tono abin da ya binne.

An haifi Goodwin a Brooklyn a 1943, ta yi digirin digirgir a Harvard. A 1967, tana da shekara 24, aka ɗauke ta cikin matasan da ake kaiwa Fadar White House su yi shekara guda suna koyon aikin gwamnati. Ana cikin haka sai ga wata maƙala da ta sa hannu a kai ta fito a mujallar New Republic, tana sukar yaƙin Biyetnam, har da bayanin yadda za a kayar da Johnson a zaɓen 1968. Kowa ya ɗauka ta gama yawo. Johnson ya ce a bar ta. Bayan ya sauka daga mulki a 1969, ya riƙa kiranta gonarsa a Texas ta taya shi rubuta tarihin mulkinsa. Ta ba da labarin yadda yakan shigo mata da asuba, ita tana kan kujera, shi yana ta zuba: mahaifiyarsa, mafarkansa, tsoron da yake yi kada a manta da shi. Ya rasu a watan Janairun 1973, littafinta Lyndon Johnson and the American Dream ya fito a 1976.

To amma Johnson gwani ne wajen gyara labari, kuma ita kanta ta san haka. Ya taɓa gaya wa sojojin Amurka a Koriya cewa wani kakan kakansa ya mutu a yaƙin Alamo, sanannen yaƙi a tarihin Texas. Da ta yi masa maganar, ya ce a'a, yaƙin San Jacinto yake nufi. Ta bincika ta tarar mutumin a gida ya mutu, a kan gadonsa. Duk wanda zai karanta littafinta ya riƙe wannan a ransa, domin yawancin abin da ke ciki na ƙuruciyar Johnson daga wannan bakin ya fito. Ga kuma fassarar halayensa da ta yi da ilimin halayyar ɗan'adam, kusan komai ta mayar da shi ga uwa da uba. A ganina ta yi yawa a wasu wurare.

Caro kuwa ɗan jarida ne tun asali. An haife shi a New York a 1935, ya yi karatu a Princeton, ya yi aiki a jaridar Newsday, inda editansa ya hore shi da ya juya kowane shafi, kada ya yi zato. Littafinsa na farko, The Power Broker, kan Robert Moses ne, mutumin da ya shimfiɗa manyan tituna da gadojin New York ba tare da an taɓa zaɓensa ba. Shekara bakwai ya ci a kai, har matarsa Ina ta sayar da gidansu don su samu na cefane. Ya fito a 1974, ya ci Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka, a 1975. Daga nan ya duƙufa kan tarihin Johnson, juzu'i bayan juzu'i, kuma har yau bai gama ba.

Da ya ga mutanen karkarar Texas ba sa sakin baki da baƙo, sai ya kwashe iyalinsa ya tare a can kusan shekara uku. A nan tsofaffin mata suka nuna masa rayuwarsu kafin a kawo lantarki: jan ruwa daga rijiya mai zurfi, dakon bokiti zuwa gida, wanki da hannu, guga da dutsen ƙarfe da ake ɗorawa a murhun itace cikin tsananin zafi, har bayansu ya ranƙwafa tun ba su tsufa ba. Wata ta miƙa masa igiya ta ce ja ka ji. Sai ka karanta wannan babi na juzu'in farko kafin ka gane dalilin da ya sa mutanen yankin suka riƙe Johnson hannu bibbiyu bayan ya kawo musu wuta a ƙarshen shekarun 1930, yana matashin ɗan majalisa. Haka kuma ya ɗauki ƙanen Johnson, Sam Houston Johnson, ya kai shi gidan da suka tashi, ya zaunar da shi a teburin cin abinci, shi ya koma bayansa ya zauna yana rubutu. A wurin ne ƙanen ya yarda cewa labarai masu daɗi da ya sha bayarwa kan ƙuruciyar yayansa ba su faru ba.

Sai zaɓen fidda gwani na Majalisar Dattawa a 1948, wanda Johnson ya ci da ratar ƙuri'a 87. Kwana shida bayan zaɓe aka ce an gano ƙarin ƙuri'u 202 a akwati mai lamba 13 a garin Alice, 200 duk na Johnson, sunayen jere bisa haruffa, tawada iri ɗaya. Jami'in akwatin, Luis Salas, ya amsa laifin maguɗin ga wani ɗan jarida a 1977. Caro ya neme shi har gida, ya karɓo bayanin da ya rubuta da kansa. Irin wannan tono babu shi a littafin Goodwin.

Kowannensu da tabonsa. An soki Caro kan juzu'i na biyu, Means of Ascent na 1990, saboda ya wanke Coke Stevenson, abokin karawar Johnson a zaɓen 1948, ya yi sassauci kan ra'ayinsa na wariyar launin fata. Ni ma ina ganin masu sukar suna da gaskiya. Ita kuwa Goodwin, a 2002 aka bankaɗo cewa littafinta na 1987 kan dangin Kennedy yana ɗauke da jimlolin wasu marubuta ba tare da alamar aro ba. Ta ce kuskuren ajiye bayanai ne, amma ta sauka daga kwamitin Pulitzer. Ta farfaɗo da Team of Rivals a 2005, kan yadda Lincoln ya jawo abokan hamayyarsa cikin majalisar ministocinsa. Ita dama yawo take tsakanin shugabanni: ta ci Pulitzer a 1995 kan Franklin da Eleanor Roosevelt, daga baya ta yi na Theodore Roosevelt da Taft.

Matsalar Caro babba ita ce tsayi. Juzu'i huɗu, daga 1982 zuwa 2012, sun haura shafi 3,000, kuma a farkon 1964 labarin ya tsaya. Na biyar, wanda zai ƙunshi Biyetnam da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, shi ake ta jira. Editansa na shekara da shekaru, Robert Gottlieb, ya rasu a 2023 bai ga ƙarshensa ba.

Don haka Malam, idan rayuwar mutumin kake so daga haihuwa zuwa mutuwa a littafi ɗaya, sayi na Goodwin, ka karanta da taka-tsantsan. Idan kuwa ni ke riƙe da kuɗin, Master of the Senate na Caro zan saya, juzu'i na uku, wanda ya ci Pulitzer a 2003. Yana tsayawa da ƙafarsa ko ba ka karanta na baya ba. A ciki za ka ga yadda Johnson ya lallaɓa sanatocin Kudu, ya matsa wa na Arewa, har dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta 1957 ta wuce, irinta ta farko cikin fiye da shekara 80. Shafi ɗari na farko tarihin majalisar ce zalla, ka yi haƙuri da su.