Rigakafin Yara a Asibitocin Unguwa na Legas: Maganin Mai Kyau Ne, Bayanin Ne Babu

Ranar rigakafi a ƙananan asibitocin gwamnati na Legas da layi take farawa. Tun da sassafe benci ya cika, a karɓi kati, a ɗora jariri a sikeli, wata nas ta miƙe ta yi jawabi da Yarbanci da Turancin buroka, wani lokaci har da waƙa da tafi, sannan a shiga kiran suna. Matar da ta fito daga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, wadda Hausa kaɗai take ji sosai, tana iya shafe awa uku a wurin, ta koma gida da jariri yana tsala kuka, ba ta san sunan ko ɗaya cikin alluran da aka yi masa ba. Babban aibin wannan hidima ke nan, kuma daga nan yawancin jita-jita take samun ƙafa. Maganin da ke cikin kwalbar kuwa ba shi da laifi. Kyauta ne, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista, kuma shi ne dai wanda asibitocin kuɗi da yawa suke karɓowa daga gwamnati su yi wa yara, su caji kuɗin hidima.

Jadawalin da hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta tsara ba shi da wuyar riƙewa idan aka ɗaura shi a kan al'adarmu. Ranar haihuwa ana ba da abu uku: BCG ta tarin fuka a fatar dantse, ɗigo biyu na shan inna a baki, da allurar ciwon hanta nau'in B a cinya. Sai mako 6, wato kwana 42, kwana biyu kacal bayan mai jego ta yi arba'in. Ranar ce mai nauyi: Penta, wadda ta haɗa rigakafin mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau, PCV ta ciwon huhu, allurar shan inna, sai ɗigon shan inna da ɗigon Rota na gudawa. A maimaita a mako 10 da mako 14, sai dai allurar shan inna ba a yin ta a mako 10. Wata 6 a ba da bitamin A, wata 9 a yi ƙyanda da shawara da sanƙarau, wata 15 a sake ƙyanda. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, don yaro ya fara tafiya, uwa ta ɗauka an gama.

Inda aka fi yin asara tun farko shi ne allurar hanta ta ranar haihuwa. Amfaninta mafi girma yana cikin awa 24 na farko, domin aikinta ta tare ƙwayar cutar da jariri kan ɗauka daga jinin uwa lokacin naƙuda. Jaririn da ya kamu a wannan lokaci, kusan 9 cikin 10 cutar tana zama a jikinsa har girma, sai bayan shekaru ta fito da kumburin ciki ko sankarar hanta. To ga wadda ta haihu a gida, a ce ba za ta fita ba sai an yi suna, wasu ma sai arba'in. Mafita a nan mai sauƙi ce: ba dole mai jego ta fita ba, kaka ko gwaggo ko uban da kansa ya kai jaririn. Wata matsalar kuma daga asibitin take. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, kuma da zarar an haɗa garin da ruwansa, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Shi ya sa wurare da yawa suke ware mata rana ɗaya a mako. Idan aka ce "ku dawo ranar BCG", a nemi a yi ta hanta da ɗigon baki a ranar, kada a bari a haɗa su duka a ɗage.

Abin da ke lalata rigakafi a Legas ba wani makirci ba ne, zafi ne da ɗauke wuta. Ana so maganin ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ma'ajiya har cinyar yaro. Asibitocin da suke da firjin sola sun huta. Waɗanda ba su da shi sukan ɗauko na ranar daga ma'ajiyar ƙaramar hukuma a akwatin sanyi. Iyaye suna iya duba wannan da idonsu, kuma ba rashin kunya ba ne. A jikin kwalbar ko murfinta akwai wani ɗan zagaye, a tsakiyarsa ɗan murabba'i. Muddin murabba'in ya fi zagayen haske, maganin yana nan da ƙarfinsa. Idan launinsu ya zo ɗaya, ko na cikin ya fi duhu, zafi ya gama da shi. Sanyi ma yana kashewa, abin da mutane ba su cika sani ba: Penta da PCV da ta hanta idan suka daskare sun tashi aiki, don haka kwalbar da aka jingina kai tsaye a kan ƙanƙara abin tambaya ce. Sirinji kuma a ɓare shi daga leda a gabanka. Irin wanda ake amfani da shi yana kulle kansa bayan turawa ɗaya, ba ya sake ja. Allura irin su Penta da PCV, jariri a cinya ake yi masa, gefen waje, ba a ɗuwawu ba. Ƙurjin da kan tara ruwa bayan allura yawanci daga hannu marar tsabta ne ko kwalbar da ta wuce lokacinta a buɗe, ba daga sinadarin ba.

Akwai abin da ya kamata nas ta faɗa kafin uwa ta tashi, amma layi ba ya bari. Penta tana kawo zazzaɓi da kumburin wurin allura da rigima, kwana ɗaya zuwa biyu. Da za a faɗi wannan a fili, da magidanta da yawa ba su hana komawa zagaye na biyu ba, domin wanda aka kai masa ɗa lafiya lau aka dawo da shi jiki zafi rau, ba a gaya masa komai ba, dole ya yi zargi. Maganinsa nono akai-akai, rage kaya, da tsumma mai ɗan sanyi a wurin. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza da man zafi. Farasitamol na ruwa ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, kuma gara nas ta rubuta adadin a bayan kati da a yi kirdado da cokalin shayi. BCG kuwa bayan mako biyu zuwa uku takan fito da ɗan ƙurji, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Haka ake so, ba a matse shi ba a sa masa magani. Zazzaɓin allurar ƙyanda shi kuma jinkiri yake yi, sai kwana 7 zuwa 12, lokacin an manta da allurar, a ce maleriya ce ko haƙori.

Waɗanda ba a jira da su: jijjiga, kukan da ya wuce awa uku ba tsayawa, kumburin fuska ko leɓe, numfashi da ƙyar, jiki ya saki, ko jini a kashi tare da amai a makon da aka ba da Rota. Mummunan ƙin jinin magani yana faruwa kusan sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma cikin mintunan farko yake zuwa, shi ya sa ake so a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a kama hanya. Kusan ba wanda yake zaman nan, kowa yana sauri ya tsere wa cunkoso. Kuskure ne.

Tsoron da mutanenmu suke yi ba daga sama ya faɗo ba, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya raina shi bai san tarihi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Sai dai Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne da aka ba marasa lafiya, ba rigakafi ba. A 2003 kuma aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa, ba a dawo ba sai a 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A wannan tsakanin cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe da dama. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a shekarun nan su ne iyayen da ke zaune a benci yau da goyonsu. Ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a amsa zargin. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agusta 2020.

Akwai gaskiya guda da ba a cika son faɗa ba. Ɗigon shan inna ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. A unguwar da yara da yawa ba su yi rigakafi ba, ga kwata a buɗe, tana iya yawo daga ciki zuwa ciki har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafar yaron da ba shi da kariya. Dalilin da ya sa har yanzu ake bi gida-gida ke nan, kuma dalilin da ya sa aka ƙara allurar shan inna, wadda ba ta da ƙwaya mai rai, sau biyu a jadawali. Haɗarin yana kan wanda aka ɓoye a ɗaki ne, ba wanda aka miƙa ba.

Yanzu kuma wata muhawarar ce take shigowa ta WhatsApp daga Amurka. Zancen cewa allurar ƙyanda tana jawo galahanga ya samo asali ne daga rahoton wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, a 1998, kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar da ta buga shi ta janye rahoton, aka kuma ƙwace masa lasisi. Wani bincike a Denmak da aka fitar a 2019 ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. A 2025 sakataren lafiyar Amurka, Robert Kennedy ƙarami, ya sallami dukan mambobi 17 na kwamitin ba da shawara kan rigakafi ya naɗa wasu, kuma a shekarar ce ƙyanda ta kashe yara biyu da ba a yi wa allura ba a Texas. Ko me suka yanke a can kan allurar hanta ta ranar haihuwa, lissafinsu daban namu daban. A can ana gwada kusan kowace mai ciki ciwon hanta. A nan kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, mafi yawa ba su sani ba. Mashaƙo da ya yi ɓarna a Kano tun ƙarshen 2022 ya shigo har wata makarantar kwana a Victoria Island a Maris 2025, ɗalibi ya rasu.

Masu cewa alluran sun yi yawa a rana ɗaya, a rarraba su, suna da niyya mai kyau amma shawarar ba ta dace da Legas ba. Jikin jariri yana karo da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa kullum daga nono, hannu da ƙasa, allura uku ba sa cika masa ciki. Rarrabawa tana nufin zuwa sau takwas maimakon uku, kuɗin mota sau takwas, rufe shago sau takwas, kuma tarin shiƙa ya fi kisa a watannin farko, daidai lokacin da ake jan ƙafa. Mura ko ɗan zawo ko ɗumin jiki kaɗan ba sa hana allura. Zazzaɓi mai tsanani ne kawai ke sa a ɗage, sai kuma yaron da wata allura ta taɓa yi wa mummunan ƙin jini, ko mai raunin garkuwar jiki, wanda likita ne zai yanke masa.

Asibitin kuɗi ya fi ta wajen kujera, sanyin ɗaki da lokacin yin tambaya. Yana kuma da ƙarin alluran da ba sa cikin na gwamnati, kamar ta ƙarambau, da wata mai haɗa cuta shida wadda zazzaɓinta ya fi sauƙi. Mai hali ya yi, ba laifi. Amma tsada ba ta nufin inganci: ƙaramin asibitin da yara kaɗan ke zuwa, janareto yana mutuwa da dare, kwalbarsa ta fi zama abin dubawa fiye da ta asibitin unguwa da ke ƙarar da kaya kowane mako. Ga yawancin iyalai na gwamnati ya wadatar, in dai an tafi da wanda ke jin yaren nas, an kuma tsaya an tambayi sunan kowace allura da ranar dawowa.

Saura kati. Mutanenmu ba sa zama wuri ɗaya: a haihu a Katsina, a yi arba'in a dawo Alaba Rago, Sallah ta zo a sake hawa mota. Katin da aka buɗe a kowace jiha yana aiki a Legas, na Legas ma yana aiki a gida, domin jadawalin ɗaya ne a ƙasa baki ɗaya. Idan an tsallake wata biyu ko biyar ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, a dai bar mako huɗu tsakanin Penta da Penta. A ɗauki hoton katin a waya bayan kowane zuwa, gaba da baya, a tura wa uban yaron, don damina ɗaya a ɗakin da ruwa ke shiga ta isa ta wanke tawadar.