Shagon lasin GST da kwamfuta na bayan tasha, ya ci kuɗinsa ko kuwa?

Shagon nan na bayan tasha da ake kai yara masu jiran admishin, wanda aka rubuta koyon kwamfuta da lasin GST (kwasa-kwasan dole na manyan makarantu) a jikin allonsa, mutanen ƙauyukanmu na tsakanin Gumel da Maigatari suna ta tambayata wai ya yake, tunda an san ƙanwata ta yi a can kafin ta wuce jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa. To ni dai a ganina ya ci kuɗinsa, amma fa ba don abin da yawancin iyaye suke hange ba in za su kai yaro.

Iyaye kwamfuta suke hange, yaro ya iya taifin a ba shi satifiket mai hoto a manna a bangon ɗaki. Kwamfutocin kuwa gaskiya su ne mafi rauni a wurin, tsofaffi ne na hannu, wasu haruffan jikin kibod ɗin ma sun goge sai yaro ya yi ta lalube, kuma yara sun fi kwamfutocin yawa don haka bibbiyu ake zama, wani lokacin har uku. Wuta sola ce, ranar da hadari ya haɗu ko hazo ya yi kauri batir ba ya kai la'asar, janareto kuma akwai amma da tsadar man nan ba kullum Malam mai shagon yake tayarwa ba, ni ma ban ga laifinsa sosai ba. Duk da haka yaro zai fita ya iya Microsoft Word, ya buɗe imel, ya yi rijistar kwas a fotal da kansa ba sai ya biya mai kafe ba, ya kuma saba da amsa jarrabawa a kwamfuta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne don JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015 kuma makarantu da yawa haka suke yin jarrabawar GST ɗin ma saboda yawan ɗalibai.

Wanda bai san GST ba, wasu kwasa-kwasai ne da kowane ɗalibi dole ya yi ko me yake karanta, likitanci ne ko Larabci ko aikin gona. A jami'a GST ake ce musu, BUK kuma GSP, a kwalejin ilimi irin ta Gumel GSE, a foli irin ta Hussaini Adamu a Kazaure ko Binyaminu Usman ta Haɗejia GNS. Sunan ne ya bambanta amma manufar ɗaya ce. A sabon tsarin da hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da shi a ƙarshen 2022, wanda suke kira CCMAS, ɗan aji ɗaya yana yin GST 111 na Turanci da rubutu, da GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, a aji biyu akwai na falsafa da mandiƙi da kuma na koyon sana'a da kasuwanci, a aji uku na zaman lafiya da sasanta rikici. Yaranmu rainawa suke yi, su ce ai yunit biyu ne kawai, su bar shi sai daren jarrabawa. Amma yunit biyun nan suna shiga lissafin CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara, kamar kowane kwas, A daga 70 take farawa, kuma in ka faɗi ka ɗauki kari-oba, ba ka fita daga makarantar sai ka ci shi, ko da duk kwasa-kwasan sashenku A ka samu. Akwai wanda na sani a nan yankin, abokansa sun tafi bautar ƙasa shi yana zaune yana jiran ya sake rubuta Turancin aji ɗaya.

To a nan ne shagon ya burge ni. Malamin da yake riƙe da shi, matashi ne ya koyar a sakandare kafin ya buɗe, bai yarda da hadda ba sam. Abin da yake fara yi shi ne ya ba yaro shafi ɗaya ya karanta, ya karɓe takardar, ya ce to faɗa min me aka ce da Hausa tukun, in ka iya sai ka rubuta min shi da Turancinka a layi biyar. Ƙanwata ta dawo gida ranar farko ranta a ɓace ta ce Yaya wallahi wulaƙanci ne, na ci Turanci a NECO amma na kasa layi biyar. Ai dama matsalar kenan, yaranmu sun iya zaɓar A ko B ko C amma su karanta abu su fahimta su faɗe shi da bakinsu, nan ake yin ta. Kuma lakcara a jami'a ba zai tsaya ya rubuta maka a allo ka kwafa ba, magana zai yi ta yi cikin ɗalibai ɗaruruwa, in ba ka iya tsamo gundarin magana kana rubutawa ba ka tashi a tutar babu. Malam yana kunna musu labaran rediyo na 'yan mintuna su saurara su rubuta abin da suka tsinta, daga baya a haɗa a ga wa ya bar abu mai muhimmanci wa ya cika shafi da shirme.

Wanda ya fi min daɗi kuma shi ne ranar da yake sa kowa ya kawo saƙo ɗaya da aka turo masa a WhatsApp, irin na tura wa mutum goma ɗin nan, a baje shi a gaban aji. Wa ya faɗa, yaushe, a ina, mene ne hujjarsa, wa zai amfana in ka yarda. Yana ba su misali da abin da ya faru a 2014 lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, ƙasar nan kaf aka ruɗe har da masu digiri. Wannan fa shi ne mandiƙin da za su tarar a aji biyu, sai dai shi bai kira shi da babban suna ba. Yanzu ko Baba ya kawo labarin majalisa sai yarinyar nan ta ce Baba wa ya faɗa, shi kuma ya ce kai ka ga abin da kuɗinka ya jawo mana ko.

Lissafi ma haka, ba wai x da y ba. Excel yake buɗe musu su shigar da cinikin riɗi ko zoɓo, kwano nawa a buhu, nawa aka saya a ƙauye, kuɗin mota, kuɗin dako, la'adar dillali, nawa aka sayar a kasuwar Maigatari, kashi nawa cikin ɗari ne ribar. Yara da yawa a nan suka fara gane cewa wani cinikin da ake murna da shi faɗuwa ce. Sannan yana koya musu lissafa GPA da kansu, wanda wallahi akwai 'yan aji uku da ba su iya ba.

Maganar ChatGPT kuwa bai hana ba, yana ma nuna musu, amma in ka kawo aiki zai ɗauki jimla ɗaya ya ce bayyana min, in ka tsaya kana kallon silin aikin ya koma sabo.

Sai inda ban gamsu ba, kuma na faɗa wa Malam ido da ido. Na farko magana da Turanci a gaban mutane kusan babu, rubutu ake ta yi, alhali a makaranta za a raba su rukuni a ce su fito gaban aji su yi bayani, kuma yaranmu na ƙauye kunya ce take kashe su a nan ba rashin sani ba. Ya ce min Alhaji lokaci ne ba ya isa, na ce a'a Malam ko minti goma ne a ƙarshen aji ai ana iya warewa. Na biyu ɓangaren al'ummomin Najeriya an yi masa riƙon sakainar kashi, takarda ce kawai aka yi fotokwafi mai 1914 da 1960 da jerin sunayen ƙabilu a ce a haddace, wato abin da Malam ɗin yake yaƙa shi ya yi a nan. Yaron da bai taɓa wuce Kano ba zai je ya kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da ɗan Tibi da ɗan Ibo, ai ya kamata a ɗan buɗe masa ido fiye da haka. Na sasanta rikici ma bai taɓo ba, wai sai aji uku, ga shi kuwa rigimar manoma da makiyaya duk kaka a bakin ƙofarmu take, misali ba sai an je nesa ba.

Akwai kuma wani yaron shago da yake sayar da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a gefe yana cewa yara su ake maimaitawa. Kar ku saya da wannan niyyar, kowace makaranta da nata, kuma wasu ma na tsohon tsari ne kafin a canza lambobin kwas. Fotokwafin ma dishi-dishi.

Kuɗin wata biyu bai kai kuɗin buhun taki ba, kuma yana karɓa kashi biyu, wasu ma na ji sai bayan girbi suke cikawa. Firintin da fotokwafi daban ake biya, ya kamata a ce ana faɗa tun ranar rijista amma ba a faɗa, don haka ku tambaya. Ajin mata da safe ne daga tara zuwa azahar, wannan ya yi, suna komawa gida da rana tsaka, na maza kuma bayan azahar wanda shi ne yake cin karo da mutuwar batir. Ranar Alhamis kusan ba a aji don rabin yaran suna kasuwar Maigatari, Juma'a kuma rabin rana, to ku lissafa kwanakin da kyau kafin ku ce wata biyu.

Wanda ya fito daga makarantar kuɗi ta birni ya saba da kwamfuta da rubuta insha'i, ba lallai ya ƙaru sosai ba. Amma wanda ya gama sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo yana zaune yana jiran suna ya fito, ku kai shi, kuma in namiji ne ku roƙi Malam ya sa shi a layin farko na bayan azahar tun batir da sauran caji. A haɗa shi da littafin rubutu mai kauri da filas na ajiye aikin kwamfuta ko ƙarami ne, don kwamfutocin can ana goge su duk ƙarshen sati.