Aplikasiyon lissafin giga da nake aiki da ita a shago, ga ra'ayina

Jama'a salamu alaikum. Wannan rubutun na fi yin shi don masu sana'a irin tawa, wato tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi cikin memuwar da kile, amma duk mai salula zai ƙaru. Akwai wata ƴar aplikasiyo ta juya giga zuwa mega, mega zuwa kilo da sauransu da na sa a salulata tun bara, kyauta ce, ba sai na faɗi sunanta ba don irinta sun cika Play Store kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya.

Shagona yana kusa da babbar kasuwar Yamai, kuma wallahi rigimar da ta fi kowace yawa wurina ita ce ta memuwar. Mutum ya sayo wadda aka rubuta 32 a jikinta, in sa ta cikin ordinatar ta nuna 29,8 ko ƙasa kaɗan, shi ke nan sai ido ya yi ja, wani ya ce mai kanti ya cuce shi, wani ma ni zai tuhuma wai na kwashe mishi giga biyu, to in kai su ina? Wani dattijo ya taɓa tsare ni ya ce yaro ka ji tsoron Allah, na ce Baba zauna ka gani, na buɗe aplikasiyon na rubuta 32 na juya mishi salular, 29,80 ta fito ɓaro-ɓaro. Bai gane lissafin ba amma da ya ga na'ura ce ta faɗa ba ni ba sai ya sauko.

Maganar ita ce ma'auni biyu ne ake aiki da su. Masu ƙera memuwar da diski suna ƙirga kilo ɗaya 1000, don haka giga ɗaya wurinsu octet (ƙwayar awon bayanai ke nan) 1 000 000 000 ne cif. Ita kuma Windows tana ƙirga kilo ɗaya 1024, saboda ordinatar da biyu-biyu take lissafi, 2 sau 2 har sau goma shi ne 1024, to gigarta sai ya zama octet 1 073 741 824. Kamar hatsi ne ka auna da ƙaramar tiya ka je wata kasuwa aka sake auna maka da babba, ƙirgen tiyoyi zai ragu amma ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Kuma tazarar ƙaruwa take in kayan ya girma, a kilo kashi 2,4 cikin ɗari ne kawai, a giga ya wuce kashi 7, a tera ya kusa kashi 10. Shi ya sa memuwar 64 take nuna 59,6, ta 128 ta nuna 119, diskina na tera ɗaya da nake ajiye fina-finan Kano da na Indiya kuma 931 yake nunawa tun ranar da na fidda shi daga kwali.

Nan ne aplikasiyon ta burge ni gaskiya, don tana jera ma'aunin biyu gefe da gefe, GB mai lissafin 1000 a nan GiB mai lissafin 1024 a can. Wannan GiB ɗin da MiB da KiB hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya ce ta fito da su a 1998 don a daina haɗa su, amma Windows har yau lissafin 1024 take yi ta rubuta Go (GB ke nan da Faransanci) abinta. Su Apple tun 2009 suka koma lissafin 1000 a Mac, kile ɗaya ka sa a ordinatar biyu ka ga lamba biyu.

Abu na biyu, tana aiki ko babu koneksiyo, kuma tana raba bit da octet. Octet ɗaya bit 8 ne, saurin intanet kuma da bit ake faɗinsa, in an ce maka mega 10 a sakan to ka raba da 8, mega 1,25 ke nan kake saukewa, fim mai mega 700 zai ci maka minti 9 da wani abu in rezo bai yi wasa ba. Yara ƴan lakwal da ke zuwa suna kukan wai an ce musu mega 10 amma suna ganin 1 da ɗoriya, wannan lissafin nake nuna musu.

To yanzu inda ta ba ni haushi. Talla! Kana tsakiyar nuna wa mutum lissafi sai wani bidiyon wasa ya rufe allon gaba ɗaya sai ka jira ya ƙare, kuma forfenka yake ci, ni dai kashe data nake kafin in buɗe ta. Sannan Turancin Ingilishi kawai take ji, mu nan salulolinmu Go da Mo suke rubutawa, ita kuma GB da MB, ga Mb mai ƙaramin b can ƙasa wanda shi bit ne, wanda bai saba ba tabbas zai danna wanda ba shi ba ya samu amsa ninki takwas. Kuma in ka rubuta 29,8 da wakafi yadda muka koya a lakwal ba ta karɓa sai ka sa ɗigo, ƙaramin abu ne amma kullum sai ya tsaida ni.

Wani abin kuma da ba laifinta ba ne amma dole in faɗa, kar wani ya ɗauka za ta gane mishi memuwar ta jabu. Ita lissafi kawai take yi. Akwai memuwar da ake sayarwa arha an rubuta 128, ka sa a ordinatar ma ta nuna maka girman daidai, alhali cikinta bai fi 8 ba, an yi wa ƙwaƙwalwarta dabara ne ta riƙa ƙarya, kana ta tura kaya tana karɓa, sai mutum ya koma gida ya tarar rabin fina-finan ba sa buɗewa, hotunan biki sun lalace. Wannan ita ce cuta ta gaske, ba giga biyun da ake zuwa ana yi mini ihu a kai ba. Irin wannan wani lojisiyel na gwaji mai suna H2testw nake sa mata a ordinatar, yana cika ta da bayanai har baki sannan ya sake karantawa ya faɗi nawa ne na gaskiya, yana ɗaukar lokaci sosai musamman in kuran ya ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko, amma duk memuwar da na ga kuɗinta ya yi arha fiye da hankali sai ta bi ta nan kafin in zuba wa mutum kayansa.

Tauraro uku da rabi na ba ta cikin biyar. In suka rage tallar suka sa Faransanci zan ƙara, Hausa kam ban sa rai ba.