Sharhi kan wani ɗakin sikanin (hoton ciki) a unguwar Asawase, Kumasi: takarda ba awo, ina amfaninta?

Ta fuskar tarba dai ba a cewa komai. Wurin tsaf, layi ba tsawo, kuma mace ce ke riƙe da na'urar, abin da iyayenmu mata na Zango suka fi damuwa da shi. Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya je.

Amma takardar da suka ba wata Hajiya mai shekara 58 ta ɓata min rai ƙwarai. Shekara 6 rabonta da haila, sai ga ɗigon jini. Aka sa ta sha ruwa mafitsara ta cika, aka goga na'ura a kan mara, aka rubuta wai mahaifa lafiya lau. Shi ke nan. Kaurin shimfiɗar cikin mahaifa, wanda dominsa aka turo ta, ba su auna ba!

Wannan hoton ta cikin gaban mace ake yin sa, da siririyar na'ura, bayan an yi fitsari. Ta kan mara ba a ganin shimfiɗar sosai, balle ga mai jiki. Idan kaurin bai wuce milimita 4 ba, hankali ya ɗan kwanta. Idan ya wuce, ko jinin ya sake dawowa, sai a zura siririn bututu a tsotso ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Ba lamba a takarda, da me likita zai yanke hukunci?

Galibi bushewa da sirancewar fatar gaba ne ke kawo jinin, ko ɗan tsiro a cikin mahaifa. Sai dai kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jinin kansar mahaifa ce ke kawo mata shi, musamman mai ƙiba ko ciwon suga, kuma idan an kama ta da wuri tana warkewa. Ga shi matanmu kan ɗauka haila ce ta dawo, su ajiye salla su zauna jira. Duk jinin da ya zo bayan wata 12 da ɗaukewar haila, ko ɗigo ne, na asibiti ne.

Wani abin haushin, ko a baki ba su ce mata a duba bakin mahaifa ba, alhali sikanin ba ya maye gurbin wannan dubawar. Hajiya, ki ɗauki katin inshorarki ki nemi a tura ki sashen mata na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee. In kuma dole sai wannan ɗakin, kafin ki biya ki tambaya: ta gaba za a yi, kuma za a rubuta milimita?